Yadda Ake Neman Gurbin Karatun Likitanci a Najeriya: Lissafin da Ake Yi Tun Kafin Sayen Fom

Duk shekara, da zarar sakamakon JAMB ya fito, tambaya ɗaya ce ke zagaya gidaje: yaro ya ci 250, zai samu likitanci? Duk wanda ya amsa da e ko a'a nan take bai san harkar ba. Makin UTME, wato jarrabawar shiga jami'a da JAMB ke shiryawa, yana da nauyi, amma tare da shi ake auna yawan kujerun da jami'ar ke da su, ingancin sakamakon sakandare, makin jarrabawar tantancewa, jihar da ɗalibi ya fito, da kuma dacewar takardunsa da juna. Yara masu ƙoƙari da yawa a kan na ƙarshen nan suke faɗuwa, abin da bai fi gyaran 'yan kwanaki ba in an farga da wuri, kuma shi ne ya fi ciwo.

Kujerun ƙidayayyu ne

Jami'a ba ta da ikon ɗibar ɗaliban likitanci yadda ta ga dama. Majalisar kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, MDCN, ita ke yanka wa kowace makaranta adadin da za ta horar a shekara, bayan ta duba yawan malamai, gadajen asibitin koyarwa, ɗakunan gwaje-gwaje da masaukin ɗalibai. Wata makarantar hamsin aka yanka mata, wata ɗari, tsofaffi irin su Ibadan da Zariya sun fi haka. Majalisar na yi wa kowane ɗalibi rajista tun yana makaranta, kuma wanda aka ɗauka bayan adadi ya cika yana iya kai wa ƙarshen karatu a rasa yadda za a rantsar da shi a matsayin likita. A ƙarshen 2023 gwamnatin tarayya ta sanar da ninka jimillar guraben daga 5,000 zuwa 10,000. Duk da haka masu nema sun ninka kujerun nesa ba kusa ba.

Daga nan ruɗanin "mafi ƙarancin maki" yake tasowa, domin iri uku ne. Akwai wanda JAMB da shugabannin makarantu ke amincewa a taronsu na shekara, wanda a 2025 ya kasance 150 ga jami'o'i. Wannan bai shafi mai neman likitanci ba ko kaɗan. Akwai wanda jami'a ke sanyawa domin a bar ka ka shiga tantancewa, 200 ko sama da haka. Sai na uku, na gaskiya: makin mutum na ƙarshe da ya samu kujera bayan an jera kowa daga sama zuwa ƙasa. Ba wanda ya san shi sai an gama ɗauka, kuma yana hawa yana sauka gwargwadon ƙarfin 'yan shekarar.

A UTME ta 2025 kusan mutum miliyan biyu suka zauna, waɗanda suka samu 300 zuwa sama ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, mafi yawa kuma ba su kai 200 ba. Mai neman babbar jami'ar tarayya ya sa 300 a gabansa. Tsakanin 250 da 280 ana samu, ana kuma rasawa, gwargwadon jiha da jami'a da tantancewa. Ƙasa da haka, a fara shirin hanya ta biyu tun kafin jerin sunaye ya fito.

Takardar sakandare

Ana buƙatar kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Kiredit daga A1 yake zuwa C6. D7 da E8 ba sa shiga lissafi. Darasin noma ba ya maye gurbin Bayoloji a nan, ko da wasu kwasa-kwasan suna karɓarsa. Mafi yawan makarantun likitanci suna sharɗanta a samu biyar ɗin a zama ɗaya, wato a takarda guda, ko ta WAEC ko ta NECO. Wanda ya ci huɗu a WAEC ya cike Fiziks da NECO ya yi zama biyu ke nan, kuma a wurare da yawa na'ura ce ke tsame shi kafin wani mutum ya ga makinsa na UTME. In da hali a yi rajistar jarrabawar biyu, a ɗauki kowacce kamar ita kaɗai ce.

Kiredit ma suna suka tara. Jami'o'in da ke ba sakamakon sakandare maki suna bambanta A1 da C6 sosai, kamar yadda lissafi zai nuna a ƙasa. Inda yara suka fi zubar da daraja shi ne jarrabawar aiki da hannu: awon ruwan asid da gano sinadarai a Kemistiri, zana jadawali da karanta awo a Fiziks, zanen samfur da sanya masa suna a Bayoloji. Ɗalibin da makarantarsa ba ta da ɗakin gwaje-gwaje mai aiki ya nemi inda zai taɓa kayan da hannunsa tun yana SS2, ko da a makarantar maƙwabta ce lokacin hutu.

Cibiyoyin da ake kai yara a rubuta musu amsa kuwa, illarsu biyu ce. Hukumar jarrabawa na iya riƙe sakamakon cibiyar gaba ɗaya a daidai lokacin da ake buƙatarsa. In ma ya fito, A1 ɗin da babu ilimi a bayansa ba ya tsallake shekarar farko ta jami'a.

Rajista: inda ƙaramin kuskure ke cin shekara

Tun 2021 ba a rajistar UTME sai da lambar NIN, kuma suna da ranar haihuwa daga rumbun hukumar katin ɗan ƙasa JAMB ke ɗauko su. Kafin a yi komai, a shimfiɗa takardu huɗu a tabarma ɗaya: takardar NIN, rajistar WAEC ko NECO, takardar haihuwa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. A karanta harafi bayan harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can. Aisha a wannan, Aishatu a waccan. Wata takardar ta ɗauki sunan kaka a matsayin sunan ƙarshe, wata ta ɗauki sunan gari. Ranar haihuwa kuma wani ma'aikaci ya cike 1 ga Janairu don ya huta. Duk wannan a gyara shi a ofishin NIMC, wato hukumar katin ɗan ƙasa, watanni kafin a buɗe rajista, domin gyaran yana ɗaukar lokaci kafin ya bayyana a wajen JAMB.

Daga nan sai a aika kalmar NIN, a bar tazara, a rubuta lambobi 11 ɗin, zuwa 55019 ko 66019. Lambar da za ta dawo da ita ake sayen fom. A 2025 kuɗin duka ya kama naira 7,200, ko 8,700 ga mai son jarrabawar gwaji. Layin wayar da aka yi wannan aike da shi ya zama na ɗalibin ne ko na mahaifinsa, wanda ba zai ɓace ba, domin ta kansa sakamako da saƙonnin JAMB za su riƙa zuwa har a gama. Haka imel da kalmar sirri: kada a bar su a hannun mai shagon kwamfuta.

Rajistar kanta a cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, CBT, da JAMB ta amince da ita ake yi, kuma zuwa da kai ya fi aike. Darussan su ne Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Wanda ya sa Lissafi a madadin Fiziks, ko ya ci 330 ba za a duba shi ba. A karanta abin da ma'aikaci ya shigar a allo kafin a danna yatsa, musamman jiha, ƙaramar hukuma da sunan kwas. 'Yan mata su kiyayi lalle a yatsu makonni kafin rajista da kafin jarrabawa, saboda yana hana na'ura karanta zanen yatsa, kuma JAMB ta yi gargaɗi a kan haka. Wanda na'ura ta ƙi shi a ƙofa ba ya shiga.

Shekarun shiga jami'a 16 ne. Wanda bai kai ba sai ya bi ta ƙofar haziƙai na musamman, wadda a 2025 aka sa mata sharaɗin 320 tare da ƙarin tantancewa.

Zaɓin jami'a, wanda shi ne rabin aikin

Likitanci zaɓin farko kawai yake kallo. Sa shi a zaɓi na biyu ɓata gurbi ne, domin babu makarantar da ke gama 'yan zaɓin farkonta balle ta leƙa na biyu.

Jami'o'in tarayya suna raba kujeru kashi uku: 45 cikin 100 bisa cancanta zalla, ko daga ina mutum ya fito, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lasafta a matsayin masu ƙarancin ci gaba a ilimin boko, waɗanda suka haɗa da jihohin Arewa da wasu na Kudu irin su Bayelsa da Ebonyi. A ɗauki misali don a ga yadda abin ke ƙanƙancewa. A ce makaranta na da kujera 150, ta ware 30 ga masu shiga aji biyu kai tsaye da 'yan makarantar sharar fage ta jami'ar, saura 120. Cancanta ta ɗauki 54, yanki 42, kason ƙarshe 24. Waɗannan 24 in aka raba su ga jihohi sama da ashirin, kowace jiha kujera ɗaya ce ko makamancin haka. Don haka wanda ya dogara da cewa "jiharmu tana cikin masu rangwame" ya dogara da kujera guda da ɗaruruwan 'yan jiharsu ke hari.

Kason yanki ya fi amfani, shi ya sa ake son ɗalibi ya nemi jami'ar da jiharsa ke cikin yankinta. Ɗan Yobe ko Borno yana da dama biyu a Jami'ar Maiduguri, ta cancanta da ta yanki, alhali in ya nemi Ibadan ko Legas ya bar ta yankin a gida. Haka ɗan Kebbi ko Zamfara a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ko ɗan Jigawa a Jami'ar Bayero. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta fara koyar da likitanci tun 1967, yankinta ya fi faɗi, ya ɗebo kusan duk Arewa, wanda ke nufin kason nata ana raba shi tsakanin jihohi da yawa. A cikin kason yanki, da 'yan jiharka kake takara. Shi ya sa ɗan Kano, inda masu nema suka yi yawa, yakan buƙaci maki fiye da na abokinsa daga jihar da masu nema ba su kai haka ba, a jami'a ɗaya, a shekara ɗaya. Iyaye kan ɗauki wannan a matsayin maguɗi idan suka ga mai 255 ya samu, ɗansu mai 270 bai samu ba, alhali sau da yawa tsarin ne ya ba da haka.

Jami'o'in jiha irin na Kaduna, Gombe, Yobe da Katsina suna fifita 'yan asalin jiha, kuma sukan raba kujerun a kan ƙananan hukumomi. A jiha mai ƙananan hukumomi 34 kamar Katsina ko 23 kamar Kaduna, wannan na nufin kujera ɗaya zuwa uku ga kowace. Ɗan ƙaramar hukumar cikin birni yana cikin cunkoso, na karkara kuma sau da yawa hanyarsa ta fi sauƙi. Amma kada wannan ya sa a sayi takardar shaidar wata ƙaramar hukuma. Ana bincike lokacin rajistar shiga, kuma ana korar mutum a kanta ko ya yi nisa.

Sababbin makarantu, irin su jami'ar kimiyyar lafiya ta tarayya da ke Azare da sassan likitanci na Dutse da Bauchi, sun ƙara ƙofofi, kuma ya kamata a duba su. Abin da za a tambaya game da kowace makaranta, sabuwa ko tsohuwa, shi ne matsayinta a wajen MDCN, ba a wajen hukumar jami'o'i ta NUC kaɗai ba. Amincewar majalisar hawa-hawa ce: akwai ta matakin karatun aji, akwai ta matakin asibiti. An sha ganin ɗalibai sun maƙale shekaru a aji ɗaya suna jiran makarantarsu ta samu izinin wucewa gaba. Jerin makarantun da aka amince da su da adadin kowacce yana shafin majalisar na intanet.

Bayan sakamako ya fito akwai damar canza jami'a ko kwas ta hannun JAMB da kuɗi kaɗan. A yi amfani da ita da lissafi, kuma kafin jami'ar da za a koma ta rufe rajistar tantancewarta.

Shirin UTME

Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. Daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Kowane darasi maki 100 ne. Mai neman 300 yana buƙatar kimanin 30 daidai cikin 40 a kowane darasin kimiyya, da 45 cikin 60 a Turanci. Ba a rage maki don an yi kuskure, saboda haka kada a bar tambaya ko ɗaya babu amsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata shida shi ne mafi ƙarancin shiri mai ma'ana. A sauke manhajar JAMB ta kowane darasi, kyauta take a shafinsu, a bi ta batu bayan batu da littafin karatu, sannan a bi kowane batu da tambayoyin shekarun baya, na shekara goma aƙalla. Haddace amsoshin tambayoyin baya ba ya kai mutum ko'ina, domin ana juya lambobi da zubin tambaya. Amfaninsu shi ne su nuna inda ake da rauni. A ajiye littafi guda na kurakurai: duk tambayar da aka faɗi, a rubuta dalilin, rashin sani ne, gaggawa ce, ko rashin fahimtar Turancin tambayar.

Fiziks da Turanci su ne suka fi jan makin yaranmu ƙasa. Yaro zai ci 80 a Bayoloji, 75 a Kemistiri, sai 52 a Fiziks da 55 a Turanci, jimilla 262. Wata guda da zai ƙara a kan Bayoloji bai fi ya ba shi maki biyar ba, amma wata guda a kan lissafin motsi, lantarki da haske na iya ba shi ashirin. Son rai kan ja ɗalibi ga darasin da ya iya, malami ko uba ne zai mayar da shi ga wanda yake gudu. Turanci kuma karatu yake so kullum: jarida, labari, da littafin da JAMB ta sanya na shekarar, wanda tambayoyinsa maki ne na sauƙi ga duk wanda ya karanta shi da kansa.

A wata biyun ƙarshe a riƙa yin cikakkiyar jarrabawa a kwamfuta, da agogo, sau biyu a mako. Wanda bai saba da kwamfuta ba ya biya kuɗin jarrabawar gwaji, ya koyi amsawa da maɓallan A, B, C, D, da N na gaba, da P na baya. A zauren, a fara da darasin da ya fi sauri, yawanci Bayoloji, a tara mintuna don lissafin Fiziks da Kemistiri.

Sakamako ta 55019 ko 66019 yake zuwa, a layin da aka yi rajista. Duk wanda ya ce zai ƙara maka maki ɗan damfara ne. Jami'a daga rumbun JAMB take ɗaukar maki, ba daga takardar da ke hannunka ba, kuma gabatar da sakamakon jabu na jawo soke na gaskiyar da haramcin sake zama na shekaru.

Tantancewar jami'a da haɗa maki

Kowace jami'a da tsarinta. Wasu suna yin jarrabawar Post-UTME a kwamfuta, wasu takardu kawai suke dubawa su ba su maki, kuma jami'a ɗaya na iya sauya tsari daga shekara zuwa shekara. A riƙa leƙa shafin jami'ar kanta duk mako daga fitowar sakamako, domin wa'adin rajistar gajere ne, kuma wanda ya wuce shi ya fita daga takara.

Ibadan ta daɗe tana raba makin biyu: rabi UTME, rabi jarrabawarta. Legas kuma 50 take ba UTME, 30 jarrabawarta, 20 sakamakon sakandare, inda A1 ke da maki 4, B2 3.6, B3 3.2, C4 2.8, C5 2.4, C6 kuma 2. A irin wannan tsari ana raba makin UTME da 8. Ga ɗalibai biyu na misali. Na farko ya ci 304, wato 38. Ya samu 21 a tantancewa. Takardarsa B3, C4, C4, C5, C6, wato 13.2, jimilla 72.2. Ta biyu ta ci 280, wato 35. Ta samu 24. Takardarta A1, A1, B2, B2, B3, wato 18.4, jimilla 77.4. Ita za a ɗauka. Tazarar da ke tsakanin A1 biyar da C6 biyar maki 10 ce, daidai da maki 80 na UTME.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ajiye littafi bayan UTME. Tsakaninta da tantancewa akan yi wata biyu zuwa huɗu, kuma mai maki mai yawa ya fi kowa saurin sakin jiki. Jarrabawar jami'a gajera ce, tambayoyi kaɗan, don haka kowane kuskure yana da tsada.

CAPS

Tun 2017 duk wani gurbi na halal ta manhajar JAMB mai suna CAPS yake bi. Abu uku ake yi a nan. Na farko, a ɗora sakamakon sakandare a shafin JAMB ta cibiyar CBT. Ɗora shi a shafin jami'a daban ne, bai wadatar ba. Wanda ya yi rajista yana jiran sakamako, ya fito kuma bai koma ya ɗora ba, jami'a ba za ta iya miƙa sunansa ba ko da shi ne na ɗaya. Bayan an ɗora, a shiga a gani da ido cewa darussa biyar ɗin da darajojinsu sun bayyana daidai.

Na biyu, a riƙa duba shafin a kai a kai. Idan gurbi ya fito akwai wa'adin karɓa. Na uku, a karanta kafin a danna. Jami'a kan yi wa waɗanda ba su kai ba tayin sauya kwas zuwa Anatomi, Fiziyoloji, Bayokemistiri ko makamantansu. Wanda ya amince, sunansa ya bar layin likitanci, kuma wanda ya karɓi gurbi ya rufe neman wannan shekarar. Shi ya sa aka ce kada kalmar sirri ta zauna a hannun wani.

Gurbin da aka ba mutum a takarda ko a baki, ba ya CAPS, ba gurbi ba ne, ko wane ne ya bayar. Sunan ba zai shiga rajistar ɗaliban ƙasa ba, kuma matsalar takan fito ne shekaru bayan haka, lokacin tafiya hidimar ƙasa.

Ganin Dala ba shiga birni ba ne

Karatun shekara shida ne ga wanda ya shiga ta UTME, in babu yajin aiki. Shekarar farko kimiyyar share fage ce: Fiziks, Kemistiri, Bayoloji, Lissafi. Makarantu da dama suna ɗaukar fiye da adadinsu a wannan aji, sannan su tace kafin aji biyu. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce cin kowane babban darasi da aƙalla 50 cikin 100 ba tare da ɗauko saura ba, wasu kuma suna ƙara sharaɗin matsakaicin maki. Wanda bai kai ba akan mayar da shi wani sashe. A nemi littafin ƙa'idojin tsangayar a makon farko a karanta, kada a dogara da abin da 'yan gaba suka faɗa. Bayan wannan akwai babbar jarrabawar Anatomi, Fiziyoloji da Bayokemistiri a aji uku, wadda ita ma takan rage mutane, sai shekarun asibiti, sai shekara guda ta aiki ƙarƙashin manyan likitoci kafin cikakkiyar rajista.

Iyaye su yi lissafin wannan tsawon tun farko, musamman ga 'ya'ya mata, waɗanda asibitocinmu ke matuƙar buƙata. In maganar aure za ta taso a tsakiya, a yi ta a fili da mijin da danginsa: akwai kwanan asibiti, akwai jarrabawar da ba a ɗagawa. Ta fuskar kuɗi, ɗaliban jami'o'in gwamnati na iya neman lamunin NELFUND da ya fara aiki a 2024, ban da tallafin karatu na jihohi. Jami'o'i masu zaman kansu miliyoyin naira suke karɓa duk shekara, kuma a lissafa na shekara shida, kada a tsaya a kan ta farko.

In bana ba a samu ba

Sake zama UTME ita ce hanya mafi sauƙin kuɗi, da sharaɗin a gano abin da ya hana. In takarda ce zama biyu ko C ta yi yawa, a sake WAEC ko NECO. In Fiziks ce, a nemi malami. Maimaita shiri iri ɗaya maki iri ɗaya yake kawowa. Wanda ya karɓi wani kwas yana iya sake zama yana cikin karatu, amma ya bayyana wa JAMB hakan lokacin rajista. Alkawarin "ka shiga Anatomi, in ka yi ƙoƙari za a mayar da kai likitanci" kuwa, a nemi ganinsa a rubuce cikin dokar jami'ar. A wurare da yawa babu wannan ƙofa, inda take kuma mutum ɗaya ko biyu take ɗauka.

Shiga aji biyu kai tsaye ana yin sa da sakamakon jarrabawar gaba da sakandare, wato IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, ko JUPEB, ko babbar jarrabawar Kambirij, a Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. A nan A maki 5 ce, kuma mai neman likitanci yana buƙatar kusan A uku, domin kujerun wannan hanya sun fi na UTME ƙaranci. Ana kuma shiga da digiri na farko mai daraja ta ɗaya ko babbar ta biyu a fannin da ya danganci lafiya. Dole a sayi fom ɗin DE na JAMB, wato na shiga kai tsaye, kuma hukumar na tabbatar da sakamakon daga inda ya fito kafin a ba da gurbi. Kafin a biya kuɗin kowace cibiya, a tabbatar jami'ar da ake hari tana karɓar wannan sakamakon a likitanci. Makarantun sharar fage na jami'o'i, irin ta Funtuwa, suna taimakawa wajen gyara tushe, amma ɗalibinsu ma sai ya zauna UTME.

Haƙori, harhaɗa magunguna, jinya, kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, gashin ƙashi da ɗaukar hoton jiki sana'o'i ne masu lasisin kansu da aikin yi, kuma su ma ana rububinsu. Wanda zai koma ɗayansu ya canza da wuri, tun kujerun ba su cika ba.

Masu tafiya waje, Masar, Indiya, Sin, Yuganda da sauransu, su sani cewa duk wanda ya yi karatun likitanci a wata ƙasa sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa majinyaci a Najeriya, kuma ana faɗuwa a cikinta sosai. A bincika ko majalisar ta san makarantar, da wane harshe ake magana da marasa lafiya a asibitinta, da kuma ko ana barin baƙon ɗalibi ya duba majinyaci da hannunsa. A 2022 majalisar ta ƙi amincewa da karatun likitanci da aka ƙarasa ta intanet daga Yukiren bayan ɓarkewar yaƙi, kuma yaƙin Sudan na Afrilun 2023 ya dawo da ɗalibai masu yawa gida a tsakiyar karatu. Duk mai karatu a waje ya riƙa karɓar takardar sakamakonsa mai hatimi a ƙarshen kowace shekara yana ajiye kwafi a gida, domin da ita kaɗai wata makaranta za ta iya duba maganar ɗaukarsa daga inda ya tsaya.